Fikof ɗin jitar akwati da na jitar lantarki: suna ɗaya, aiki daban

"Malam, barka da aiki. Ina da jita irin ta akwati, mai rami a fuska, amma tana da wurin jona waya a gindi da ɗan gidan batir a gefe. Abokina kuma tasa ta lantarki ce zalla. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a tasa ana ganin fikof har uku a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ni kuwa na duba ko'ina ban ga komai ba, amma idan na jona tana magana. Sannan ranar da na jona tawa a amfilifayarsa sai muryar ta fito a bushe, kamar ana kaɗa waya a kan gwangwani, da na ƙara sauti kuma ta kama kuka. Shin fikof ɗin nawa ne maras kyau? Zan iya cire shi in sa irin nasa?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: ina naka ya ɓuya, me ya sa ya ba ka kunya a amfilifayar abokinka, kuma ko musanya za ta yi magani. Bari in fara kwantar maka da hankali, da wuya a ce naka ya lalace. Suna ne kawai ya haɗa su. Duka biyun ana ce musu fikof, wato na'urar da ke mayar da kiɗan tsirkiya lantarki don a kai shi lasifika, amma ba abu ɗaya suke saurare ba, kuma ba aiki ɗaya aka ɗauke su ba.

Jitar abokinka ba ta da murya sai an jona ta. Zare mata waya ka kaɗa, ɗan ƙis-ƙis za ka ji wanda ko ɗaki ba zai cika ba. Saboda haka duk abin da fikof ɗinta da amfilifaya suka fitar, shi ne muryarta, babu wata ta asali da za a ce an kauce mata. Taka kuwa da muryarta ta zo. Katakon fuskarta yana rawa, iskar cikin akwatin tana shiga tana fita ta ramin nan, kuma kunnenka ya riga ya saba da haka. Fikof ɗinta ɗan aike ne da aka ba saƙon da aka riga aka faɗa, ka kuwa san halin ɗan aike, sai ya rage wani abu ya ƙara wani a hanya. A shekarun da na yi ina gyaran jita da haɗa sauti a dandamali, yawancin ƙorafin da ake kawo min daga nan yake tasowa.

## Wanda ake gani

Idan ka buɗe ɗaya daga cikin ukun nan na abokinka, abu biyu za ka tarar: guntayen maganaɗisu guda shida, ɗaya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai da aka naɗe su da ita. A irin na Fender Stratocaster naɗin yakan kai zagaye 8,000 ko kusa da haka. Maganaɗisun yawanci haɗin ƙarfe ne da aluminiyam da nikel da kobalt, wanda ake kira alniko, wasu kuma na siramik ne.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa idan ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin waya ya canza, lantarki zai motsa a cikin wayar. Tsirkiyar ƙarfe da ke saman fikof tana zaune cikin wannan ƙarfi, ita ma ta zama 'yar ƙaramar maganaɗisu. Da ka kaɗa ta, sai ta riƙa kusantar naɗin tana nisantarsa, lantarki kuma ya riƙa kai-komo daidai da rawarta. Tsirkiya mafi kauri tana kai-komo sau 82 a daƙiƙa idan ba ka danna ta ba, lantarkin ma sau 82 zai yi. Motsin hannunka ne ke haifar da wutar, shi ya sa yawancin jitar lantarki ba su da batir, sai 'yan kaɗan irin masu fikof na EMG da aka saka musu ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi a ciki.

To lura da abin da wannan ke nufi. Fikof ɗin maganaɗisu kurma ne. Ba ya jin iska, ba ya jin katako kai tsaye, motsin ƙarfe kawai ya sani. Ɗaura wa jitar tsirkiyoyin nailan, sai ka ji tsit. Ko ƙarfen ma ba duka tsawonsa yake gani ba, sai ɗan abin da ke saman kansa. Kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suka ƙare a jikin jita, rawar ƙanƙanuwa ce mai kaifi, can wajen wuya kuma mai faɗi ce mai kauri. Dalilin sa fikof uku ke nan da makunnin zaɓi, tsirkiya ɗaya ce ake leƙa ta taga uku. Sannan shi kansa naɗin, idan ya haɗu da wayar da ta tafi amfilifaya, yakan ɗaga wani yanki na sauti, galibi tsakanin kai-komo 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, ya danne abin da ya haura haka. Da makirufo ne ya yi wannan, da an ce ya lalace. A jitar lantarki kuwa wannan rinin shi ake saye da kuɗi.

George Beauchamp ne ya ƙera irinsa na farko da ya shiga kasuwa sosai, a Amurka, a kan jitar nan ta Rickenbacker ta farkon shekarun 1930 da aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Aibinsa tun lokacin shi ne kwaɗayi: naɗin waya yana tsintar ƙugin wutar gida, mai kai-komo 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa. Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance wannan da naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin da ya shiga ɗaya sai ɗayan ya soke shi, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya ƙaru. Shi ne hambaka, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957.

## Wanda ya ɓuya

Dubi jakin jitarka, katakon nan da aka manna a fuska. A tsakiyarsa akwai tsaga, a cikin tsagar an tsayar da wani siririn farin ƙashi ko roba wanda tsirkiyoyi suka hau kansa. Da za ka sassauta tsirkiyoyin ka zare ƙashin, za ka ga wani ɗan zare ko falle a kwance a ƙasan tsagar, wayarsa ta bi ta wata 'yar huda ta shige cikin akwati. Fikof ɗinka ke nan, in dai jitarka irin wadda aka fi sayarwa ce. Sunansa fiyezo.

Babu maganaɗisu a cikinsa ko kaɗan. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli waɗanda idan aka matsa su sai lantarki ya bayyana a gefensu. Ka san laitar gas ɗin nan da ake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi ba tare da batir ba? Wannan dabarar ce, an dai buga dutsen da ƙarfi ne. A jita, tsirkiyoyi shida suna danne ƙashi, ƙashi yana danne fiyezo. Idan tsirkiya ta yi rawa, nauyin dannawar yana ƙaruwa yana raguwa, lantarkin kuma yana bin sa. Yau ba dutse ake sawa ba, siramik ne na musamman ko wata irin roba mai wannan hali.

Wato na abokinka motsi yake gani, naka matsi yake ji. Shi ya sa fiyezo ba ruwansa da ko tsirkiyar ƙarfe ce ko nailan, kuma idan ka ƙwanƙwasa jaki da farce za ka ji ƙwas a lasifika.

Bushewar da ka ji kuwa tana da asali. Muryar jitar akwati da kake so, ba a jaki take ba. Sai tsirkiya ta girgiza jaki, jaki ya girgiza fuska, fuska ta tura iska, akwati ya amsa, sannan duka su gauraya a sarari kafin su iso kunnenka. Katako yana da nauyi, yana ɗan jinkiri kafin ya tashi, kuma wannan jinkirin ne ke tausasa kowane bugu. Fiyezo yana zaune ne a bakin ƙofa, yana tare saƙon tun kafin a kai ga duk wannan. Kamar ka manna kunne a maƙogwaron mai waƙa ne maimakon ka tsaya gabansa: waƙar ce dai, amma ba haka ka san ta ba. Farkon kowane bugu yakan fito da tsini, har masu kiɗa suna kwatanta shi da kukan agwagwa, kuma yana ƙaruwa idan ka sa hannu da ƙarfi.

Batirin fa? Fiyezo yana iya turo wuta mai ƙarfi a lokaci guda, sai dai 'yar mitsitsiya ce, kamar ruwa mai tsiri daga bakin allura. Idan ya shiga ƙofar da ke zuƙe wuta da yawa, sai ya kasa, kuma kaurin sauti ne ke fara ɓacewa. Yana son mashiga mai turjiyar om miliyan 1 zuwa miliyan 10 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), alhali mashigar layi ta yawancin miksa, wato na'urar haɗa sauti, ba ta wuce om dubu 10 zuwa dubu 20 ba. Saboda haka ake dasa masa ƙaramar amfilifaya a cikin jita, ta karɓi saƙon yadda yake so, ta miƙa shi da ƙarfin da zai jure doguwar waya. Ita ke cin batirin nan mai bolt 9, kuma ita ce mai maɓallan da ke gefen akwati. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a yawancin jitoci, kan wayar da ka soka shi ne makunni. Ka bar waya a jiki ka kwana, batir yana ci har gari ya waye. Idan ya yi rauni kuma ba shiru yake fara yi ba, sai ka ji sauti yana tsagewa duk lokacin da ka buga da ƙarfi.

Kamfanin Ovation ne ya fito da wannan tsari fili a farkon shekarun 1970. Mai kamfanin, Charles Kaman, asalinsa maƙerin jirage masu saukar ungulu ne a jihar Konetikat, kuma mawaƙi Glen Campbell ya taimaka ƙwarai wajen tallata jitar a talabijin. Abin da ya sa ta karɓu ba wai ta fi makirufo daɗin murya ba ne. Ta dai ba mai jitar akwati damar tsayawa kusa da mai ganga a ji shi.

## Laifin amfilifayar

Rabin abin da ya same ka ran nan ba daga jitarka ba ne. Amfilifayar jitar lantarki ba a ƙera ta don ta faɗi gaskiya ba. Ita ma ɓangare ce ta kayan kiɗan. Tana da nata rinin, lasifikarta takan daina amsawa daga wajen kai-komo 5,000 a daƙiƙa zuwa sama, kuma da gangan aka yi ta yadda idan an matsa mata za ta fara gurnani. Wannan duk ado ne ga fikof ɗin maganaɗisu. Jitar akwati kuwa ƙyallinta da shaƙar iskarta suna can sama da inda lasifikar ta tsaya. Sai aka yanke mata wannan, aka bar tsinin fiyezo a daidai yankin da amfilifayar ta fi ɗagawa. Gwangwanin da ka ji ke nan.

Kukan kuma daga akwatin ne. Fuskar jitarka an fere ta siririya don ta yi rawa da sauƙi, kuma ba ta tambayar wa ya girgiza ta. Sautin lasifika ya bugi fuskar, fuska ta motsa jaki, fiyezo ya ji ya mayar wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta sake turowa, haka har ya zama kuwwa. Yawanci a wuri biyu yake kamawa: wajen kai-komo 100 inda iskar akwati ke amsawa, sai wajen 200 inda fuskar kanta ke amsawa. Jitar abokinka gungumen katako ce, ba ta da abin da iska za ta kama cikin sauƙi, don ma haka aka daina yi mata rami tun asali.

Maganin wannan ba ya buƙatar taɓa fikof. Jona jitarka a amfilifayar da aka yi don jitar akwati, ko ta kibod, ko kai tsaye a miksa ta hanyar ɗan akwatin nan na DI mai daidaita saƙon jita da mashigar miksa, domin su an yi su ne su fitar da abin da aka ba su daga ƙasa har sama. Kada ka fuskanci lasifika da ramin jita. Akwai marfin roba da ake toshe ramin da shi, yana kashe yawancin kukan ƙasa. Idan cikin maɓallanka akwai na juya fes, wato mai juya kai-komon lantarkin, danna shi da zarar kuka ya taso, sau da yawa nan take yake ɗaukewa, ko da yake in ka canza wurin tsayuwa yana iya dawowa. Idan akwai na noc, murɗa shi a hankali har ka dace da muryar da ke kukan, zai tsame ta ita kaɗai.

## Batun musanya

Kada ka bari kowa ya fafe fuskar jitarka don ya dasa fikof irin na abokinka. A ƙarƙashin fuskar akwai sandunan da ke riƙe ta, kuma tsirkiyoyin ƙarfe suna janta da nauyin da ya haura kilo 70. An taɓa yin haɗin a masana'anta: Gibson ta fitar da J-160E a 1954, jitar akwati mai fikof ɗin maganaɗisu a ƙarshen wuya, wadda John Lennon da George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Beatles suka yi amfani da ita. Amma sai da aka taurara fuskarta don rage kuka, kuma idan aka jona ta muryar jitar lantarki take yi.

In kana son maganaɗisu, akwai wanda aka yi domin jitar akwati, ana maƙala shi a bakin ramin ba tare da an yanka komai ba. Tsohon abu ne, kamfanin DeArmond yana yin irinsa tun kafin a san fiyezo a jita. Sai dai akwai wata matsala da ya sa na jitar lantarki ba zai zauna daidai ba ko da ka ɗaure shi a wurin. Tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jitar akwati an naɗe su da tagulla, tagulla kuwa maganaɗisu ba ya kama ta, siririn ƙarfen da ke cikinta kawai yake gani. Biyun ƙasa kuma ƙarfe ne tsirara. Sakamakon shi ne tsirkiya ta biyu ta riƙa ihu, ta uku tana raɗa. Waɗanda aka yi domin ramin an daidaita musu wannan, wasu ma da 'yan kusoshin da za ka ɗaga ko ka sauke wa kowace tsirkiya. Muryarsu mai kauri ce, mai santsi, ba tsinin agwagwa, kuma su suka fi kowa jure ƙara. Amma kunne zai gaya maka cewa ƙafarsu ɗaya tana gidan jitar lantarki, musamman idan ka hau can saman wuya.

A ɗaya gefen akwai masu neman katakon kansa. Wasu fiyezo ne da ake mannawa daga ciki, a ƙarƙashin jaki, irin 'yan faya-fayai uku na kamfanin K&K. Da yake fuskar suke ji tana lanƙwasa, muryarsu ta fi kama da jitar, kuma suna ɗaukar bugun hannu a jikin akwati. Farashin haka shi ne sun fi saurin kuka. Wanda ya fi su duka gaskiya makirufo ne a cikin akwati, shi ne kuma ya fi su duka raki. Shi ya sa ake haɗa biyu, kamar Anthem na kamfanin L.R. Baggs, inda fiyezon ƙarƙashin ƙashi ke riƙe kauri, makirufo ya riƙe sauran. Akwai kuma na'urori irin Aura na kamfanin Fishman da ke ɗaukar sautin fiyezo su yi masa kwaskwarima ta kwamfuta ya yi kama da abin da makirufo zai ji a gaban jitar. Na yi aiki da kowanne, kuma abin da na gani shi ne, duk taku ɗaya da ka yi zuwa ga ainihin muryar jita, ka yi taku ɗaya zuwa ga kuka. Mai kiɗa shi kaɗai a ƙaramin zaure yana da sararin zaɓar mai gaskiya. Wanda ke tsakanin ganga da bas ba shi da wannan gatan.

Abin dariya, hanyar tana bi ta baya ma. Akwai jitocin lantarki, irin Parker Fly da ta fito a 1993, da aka dasa wa fiyezo a jaki don su kwaikwayi jitar akwati. Abin da suke kwaikwaya a gaskiya shi ne jitar akwati da aka jona, ba wadda ke ɗaki ba.

Ni dai da ni ne kai, ba zan cire komai ba tukuna. Ban riƙe jitarka ba, ban ji ta ba, kuma gaskiya akwai masu araha da ƙaramar amfilifayarsu ba ta da kirki ko me aka yi mata, wannan sai an gwada ake sani. Amma sau da yawa abin da ake ɗora wa fikof, zaman ƙashi ne. An taɓa kawo min wata jita, mai ita ya rantse fikof ya mutu domin tsirkiyoyi biyu na tsakiya ba sa fita a lasifika, har ya sayo sabo. Da na zare ƙashin na ɗora shi a kan gilashi, sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashin tsakiyarsa. Wani ne ya goge gindin da hannu don ya sauke tsirkiyoyi, ya bar shi da ɗan lanƙwasa, gefe biyu suna danna fiyezo, tsakiya tana lilo. Na shimfiɗa samfefa a kan gilashin na daidaita gindin, cikin minti goma duka shida suka dawo. Ƙashin yana bukatar gindi shafaffe, kuma ya shiga tsagar ba matsi ba sako-sako, yadda za ka iya zare shi da yatsu amma ba ya girgiɗi.

Ga yadda za ka gwada taka. Sa sabon batir, jona ta a miksa ko amfilifayar kibod, ka mayar da maɓallan kauri da tsakiya da kaifi duk su tsaya a tsaka. Kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi iri ɗaya, ka saurara ko akwai wadda ta fi sauran ko ta gaza. Idan sun zo daidai, fikof ɗinka lafiyarsa lau. Daga nan rage tsakiya kaɗan, ka sassauta hannun dama, ka ɗan matsa da bugunka daga jaki zuwa bakin rami, in kana amfani da ɗan robar kaɗawa kuma ka gwada wanda ya fi kauri. Idan ɗaya ta yi ƙasa ko ta yi ihu, kai ta wurin mai gyara ka ce ya duba gindin ƙashi da ƙasan tsaga kafin ya yi maka maganar sabon fikof.